Filin Tambaya da Amsa: Kalmar "glimmer" da sauran ƙananan haske

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka shigo yawancinsu daga nan Legas ne, kuma ikon Allah kusan duk akan abu ɗaya suka faɗo, wato kalmomin da Bature ke kiran ɗan ƙaramin haske da su. Shi yasa na haɗe su waje guda.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ya iyali. Dan Allah ni ɗaliba ce ina aji 6 a sakandare anan Agege, muna shirin WAEC. A wajen lesin an bamu kalmar "glimmer" aka ce mu zaɓi wadda tafi kusa da ita a ma'ana, na zaɓi "bright light" sai malamin yace na faɗi. Na duba kamus a waya naga ance haske ne, to ai nima haske na zaɓa, ina kuskuren yake?

AMSA: Yauwa 'yata, Allah ya bada sa'a. Haske ne kam, kamus bai miki ƙarya ba, amma ba kowane haske ba, kuma wanda kika zaɓa shi ne ma kishiyarta. Bari in kai ki inda zaki ganta da idonki tunda ke 'yar Legas ce.

Duk ranar da Allah ya sa kika hau gadar Third Mainland da daddare, kin taso daga wajen Oworonshoki zaki shiga cikin tsibiri, gadar nan doguwa ce kusan kilomita 12 saboda haka kina da lokacin kallo, to ki ɗauke idonki daga kan titi ki kalli ruwa. Fitilun danfo da na sauran motocin da ke dallare miki ido ba su ake nufi ba. Can ƙasa wajen Makoko inda gidajen katako ke tsaye a kan ruwa, ko can tsakiyar ruwan inda wani masunci ya kunna 'yar fitila a kwale-kwalensa, zaki hango wani ɗan haske ƙanƙani, kina ganinsa kina rasa shi, yanzu ya fito yanzu ya lumshe, ga duhu ya kewaye shi ta ko'ina har sai kin ƙura ido kafin ki tabbatar wuta ce ba idonki ne ke miki gizo ba. To wannan shi ne "glimmer". Rauni gare shi, baya tsayawa cak, kuma sai da duhu ake ganinsa. Wannan na ƙarshen shi ne yara suka fi mantawa. Ki kunna ashana da tsakar rana a kasuwar Agege ba wanda zai kira ta da wannan suna, amma ashanar nan dai in aka ƙyasta ta a ƙarshen lungu bayan an ɗauke wuta, wanda ke tsaye a bakin lungun zai ce ya ga "glimmer".

Da Hausa in zan fassara miki cewa zan yi ɗan haske dishi-dishi, ko ɗan ƙyallin wuta daga nesa. Iyayenki da suka taso da fitilar aci-balbal sun san shi sarai, lokacin da mai ya yi ƙasa lagwani ya fara cinyewa, wutar ta ƙi mutuwa kuma ta ƙi haskaka ɗakin.

Wajen amfani kuwa tana zuwa a suna tana zuwa a aikatau. In suna ce sai kice "a glimmer of light", kar ki manta da "a" ɗin nan a gaba. In aikatau ce kice "a lamp glimmered in the distance", wato wata fitila na ɗan ƙyallawa can nesa. Abin lura, fitilar ce ke yin aikin da kanta, ba a cewa wani ya yi "glimmer" ɗin tocila a fuskar wani, in haska mutum kike nufi wata kalma ce daban zaki nema.

Kuma tunda jarrabawa ce a gabanki, masu tambaya suna son jero 'yan uwanta su ga ko zaki rikice. "Glow" shi ne irin hasken garwashin mai tsire a Obalende, ja wur, a zaune yake baya rawa, kana jin ɗuminsa tun kafin ka ƙaraso. "Gleam" sheƙin abin da aka goge ne, takalmin da ya fito daga hannun mai shushaina ko mota sabuwar wanki. "Glitter" kuma leshi mai duwatsu ne a kasuwar Balogun, ƙyalƙyali ta ko'ina ɗigo-ɗigo. "Flicker" shi ya fi kusa da tamu, kyandir ne iska na kaɗa shi ko ƙwan lantarki yana ƙiftawa, sai dai shi rawar wutar ake kallo ba rauninta ba, babbar wuta ma tana iya yin sa. "Shimmer" walwalin ruwa ne in rana ta sauka a kai, ko shadda mai maiƙo in mai ita ya motsa. In kika riƙe hoton kowanne a ranki ba sai kin haddace ma'ana ba.

Wani abu da zai ɗan sanyaya miki rai, sama da shekara 600 da suka wuce lokacin da kalmar ta fara bayyana a Turancin Ingila, haske mai ƙarfi take nufi, daga baya ne ma'anar ta sauka ta koma ta mai rauni. Amma a takardar jarrabawa ma'anar yau zaki bi, "faint light", shi ne amsar.

TAMBAYA: Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, kayan gwari nake yi. Ƙanena na kwance a asibiti yau kwana 9, likita ya kira ni gefe yace min "there is still a glimmer of hope". Na ji kalmar "hope" na san fata ne, sai na buga waya gida na gaya wa tsohuwarmu cewa likita yace zai tashi. Daga baya wani yaron shagona da ya yi boko yace ba haka ake nufi ba. Hankalina bai kwanta ba, dan Allah Malam mene ne gaskiyar maganar?

AMSA: Ɗan'uwa sannu, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ya baku ladan jinya. Tun da na karanta saƙonka nake ta juya shi a raina, kuma saboda shi ne ma na fasa ajiye wannan batu zuwa wani makon.

Yaron shagonka ya fi kusa da gaskiya. Ka duba abin da na gaya wa 'yar nan ta sama, ɗan haske ne a tsakiyar duhu mai yawa. To likita da ya ce maka haka abu biyu ya faɗa a numfashi ɗaya, kai kuma ɗaya kunnenka ya ɗauka. Ya ce fata bai ƙare ba, wannan gaskiya ne kuma ka riƙe shi da kyau. Amma ya kuma ce fatan kaɗan ne, jikin ya yi tsanani. Da yana ganin sauƙi ya samu sosai ba wannan kalma zai ɗauko ba, zai ce maka yana murmurewa kai tsaye. In ni ne zan isar wa tsohuwa da saƙon cewa zan yi, Inna jikin nasa da nauyi amma likitoci basu yanke ƙauna ba, da ɗan sauran fata, a dage da addu'a. Kaga ba ka tsinka mata zuciya ba kuma ba ka ɗora ta a kan abin da ba a ce ba.

Ban ga laifinka ba ko kaɗan, mutum yana tsaye a ƙofar ɗakin da ƙaninsa ke kwance, kwana da kwanaki ba barcin kirki, ai duk kalmar da ta yi kama da sauƙi ita zuciya zata cafke. Abin da nake roƙonka shi ne ka koma wajen likitan, ka tafi da yaron nan ko wani wanda ka yarda da Turancinsa, ka ce a yi maka bayani dalla-dalla, me ake yi masa yanzu, me ake jira a gani, me ake buƙata daga gare ku. Haƙƙinka ne ka tambaya, ba rashin kunya bane, kuma likita ne kaɗai ya san halin da ake ciki, ni kalma kawai nake fassara maka. Sannan ka sake kiran gida ka gyara maganar a hankali, ba sai ka ce ka yi kuskure ba, ka ce ka ƙara samun bayani.

Wannan abu yana damuna ƙwarai a garin nan. Mutanenmu da yawa a Mile 12 da Alaba Rago da Ijora suna jin Turancin ciniki tsaf, ga Yarbanci ga burokin, ba mai cutarsu a lissafi, amma Turancin asibiti da na kotu cike yake da irin waɗannan ƙananan kalmomi masu rage nauyin magana ko ƙara mata, kuma su ne ke zubewa a hanya in ana tafinta. Duk wanda aka kira ya yi wa ɗan'uwansa tafinta ya sani amana ce, ƙaramar kalmar nan da kake ganin ba komai ita ce rabin saƙon.

Haka zaka ji ta a labarai, ana rikici an fara zaman sulhu sai ɗan jarida yace an ga "a glimmer of hope", ma'ana an ga 'yar alama, ba wai an sasanta ba. Ana kuma juya ta ta koma kore abu gaba ɗaya, in aka ce "not a glimmer of interest" to ko alamar sha'awa babu. Mu ma muna da irinta sak, ka je neman mutum ka dawo kace ko ƙyallinsa ban gani ba.

TAMBAYA: Malam ni direban tirela ne, Apapa zuwa Kano. Mu a mota muna cewa dim da ful-layit. Dim ɗin nan shi ne "glimmer" da yarana ke faɗa?

AMSA: Oga direba Allah ya tsare hanya. Dangi ne amma ba ɗaya ba. "Dim" siffa ce, haske ne da aka rage masa ƙarfi ko ya dusashe, kuma yana nan a tsaye baya rawa, shi yasa ya dace da fitilar mota in ka sauke ta saboda mai tahowa. Ana kuma yin aikatau da ita, ka rage fitila kenan. Amma in kana tafe cikin dare a dajin da ke tsakanin Jebba da Mokwa ka hango wutar mai shayi can gaba kamar ƙwayar gero, wannan ita ce "glimmer". Ful-layit ɗin da wani ke kashe maka ido da shi kuwa Bature "glare" yake ce masa. Abu ɗaya zan ja kunnenka, kar ka taɓa ce wa mutum shi "dim" ne, zagi ne, daƙiƙi kenan ka kira shi.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne a Idi-Araba, na haura shekara 40 a Ikko, anan na haifi 'ya'ya anan aka haifa min jikoki. Jikokin nan Hausarsu ta yi rauni, in na yi musu faɗa sai su ce ai Hausa ce bata da kalmomi, wai Turanci na da kalma fiye da 10 ta haske mu kuwa daga haske sai haske. Na rasa amsar da zan basu. Haka ne?

AMSA: Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma ya albarkaci zuri'a. Ba haka bane, kuma ina so ka zaunar da su ka karanta musu wannan.

Da farko a basu gaskiyarsu, Turanci na da waɗannan kalmomi da yawa, kuma in ka lura, masu yawa daga cikinsu da "gl" suke farawa, "glow", "gleam", "glitter", "glint", "glisten", "glare", har da "glimpse" wadda ke nufin ka ɗan hango abu ya ɓace. Masana harshe sun daɗe da lura da haka, wani Baturen Ingila mai suna J. R. Firth ya yi rubutu a kan irin wannan tun 1930, yadda wani ɗan sauti ke yawan bin ma'ana ɗaya a harshe ko da shi kansa ba kalma bane. Jamusawa ma suna da "glimmen", wutar da ke ci a hankali ba harshe.

To yanzu Baba ka ce jikokin su saurari nasu harshen. Ƙyalli. Ƙyalƙyali. Ƙyalla ido. Ƙyafta ido. Ƙyasta ashana. Ƙyastu, wanda kakanninmu ke haɗa shi da dutsen ƙanƙara su fitar da wuta kafin zuwan ashana. Kaga "ƙy" ɗin nan yana yi mana aikin da "gl" ke yi musu, duk abu ne na haske ko na ido mai faruwa farat ɗaya. Ba doka bace, akwai ƙyama da ƙyashi da ƙyanda da basu shiga ba, kamar yadda su ma "glue" da "glove" basu da haɗi da haske, amma dangin na nan kuma kunnen Bahaushe na jin su.

Sannan "er" ɗin da ke wutsiyar "glimmer" da "flicker" da "shimmer" da "glitter", tsohuwar alama ce ta abu mai maimaituwa, yana yi yana sakewa. Mu kuma in muna son haka ninka kalmar muke, ƙyalli ya koma ƙyalƙyali, wal ya koma walwali, dishi-dishi, ƙifta ya koma ƙiƙƙifta. Hanya ce daban amma gida ɗaya ake zuwa. Ga kuma abin da muka fi su nesa ba kusa ba, kalmomin nan masu zana abu a kunne, gari ya waye tar, wata ya fito fayau, duhu dunɗum, baƙi ƙirin, fari fat. Ka ce su fassara maka dunɗum da kalmar Turanci guda ɗaya ka ga yadda za su yi ta kewaye-kewaye.

Inda na fi son a kai su ma shi ne asuba, domin a nan ne Bahaushe ya yanka ɗan ƙaramin haske gunduwa-gunduwa saboda sallah da azumi da sammakon gona. Akwai alfijir na ƙarya, wani farin haske da ke miƙewa sama tsaye, malamai na kwatanta shi da wutsiyar kyarkeci, ya ɗan jima ya dushe duhu ya dawo, mai sahur na iya ci gaba da cin abincinsa. Masana taurari sun ce hasken rana ne ke sauka a kan ƙurar da ke sararin samaniya. Sai alfijir na gaskiya, shi a kwance yake ketowa ya bi gefen gabas yana ƙaruwa, shi ne ke shigo da sallar asuba, masu lissafin kalandar sallah da yawa suna ɗaukarsa daidai lokacin da rana ke digiri 18 a ƙarƙashin inda sama ta haɗu da ƙasa. Daga nan ga assalatu, ga jijjifi, ga duku-duku lokacin da kana ganin mutum amma baka shaida fuskarsa, har a kai ga gari ya yi sha. Da yamma ga almuru, ga shafaƙi, jan nan da ke saura a yamma wanda ɓacewarsa ke shigo da isha'i. Wane talauci ne a harshen da ke da wannan?

Amma Baba ban ɗora wa yaran laifi duka ba. Yaron da ya tashi a Legas ina zai ga alfijir na ƙarya, ga fitilu ga dogayen gine-gine ga hayaƙin janareta, taurari ma sai an yi sa'a. Kuma garin nan digiri 6 da rabi ne kawai arewa da tsakiyar duniya, rana a miƙe take faɗuwa, minti 20 da 'yan kai bayan faɗuwarta duhu ya fara rufawa, ba kamar Landan ba inda a tsakiyar bazararsu hasken yamma ke jan ƙafa har dare ya raba bai gama ɗaukewa ba. Kalma kuwa in ba a ga abin da take nufi ba kuma ba a ji ta a bakin manya ba, zubewa take. Shawarata in an yi hutu a tura su gida ko na sati 2 ne, a fito da su tsakar gida da asuba a nuna musu Gamzaki, su lura shi baya ƙiftawa kamar sauran saboda ba tauraro bane irin su, duniya ce 'yar uwar tamu mai kewaya rana, ita ce dai Zara matar wata da ake gani da yamma. A nan Idi-Araba ma in an ɗauke wuta an kunna kyandir, ka tambaye su da Hausa yaya wutar nan take yi, ka bar su su nemo kalmar da kansu.

TAMBAYA: Malam yaya ake furta ta? Ni "gilimma" nake cewa, abokaina a Yaba suna min dariya.

AMSA: Ƙanena kar dariyar ta dame ka, harshenka ne ke bin ƙa'idarsa. Hausa bata haɗa baƙi biyu a farkon kalma shi yasa muke cusa wasali, "glass" ta koma gilashi, "bread" ta koma burodi. Na biyu mu in mun ga baƙi ya ninku nauyaya shi muke, don a wajenmu daba daban dabba daban, mana daban manna daban. Shi Bature "mm" ɗin a rubutu kawai yake, a baki "m" ɗaya ce. Saboda haka gaɓa biyu ce ba uku ba, ka manne "g" da "l" ka ce "gli" da ɗan ƙarfi sannan ka sake "ma" a hankali, glima. Mutanen Ingila basa furta "r" ɗin ƙarshe, na Amurka suna furtawa, mu a Najeriya na Ingila muka fi bi a makaranta. Ka kula kar ta zame maka "glamour", wasali ɗaya ne ya raba su a kunne, ita waccan ado da ƙawa take nufi.